Shin tsananta hukunci da cika gidajen yari suna rage aikata laifi?

Mai_Nazari:
Assalamu alaikum. A duk lokacin da aka tafka wani mummunan laifi, abin da jama'a suke fara nema shi ne a tsananta hukunci, a ƙara shekarun ɗauri, a hana beli. To, akwai ƙasar da ta bi wannan hanya har inda ta ƙare, ita ce Amurka. A farkon shekarun 1970 fursunoninta ba su wuce kimanin 200,000 ba, amma zuwa 2008 mutanen da ke tsare a can sun kai kusan miliyan 2.3. Ƙasar da ba ta kai kashi 5 cikin 100 na al'ummar duniya ba, sai ga ta a lokacin tana riƙe da fiye da kashi 20 cikin 100 na fursunonin duniya, kuma duk da haka yawan kisan kai a cikinta ya ninka na Jamus da Faransa da Japan. Ra'ayina shi ne tsawon ɗauri ba shi ne yake hana laifi ba, kuma ƙasar da ta dogara da shi tana sayen matsala ne da tsada. Ina so in ji daga waɗanda suke ganin akasin haka.

Lissafi_Dalla:
Wa alaikumus salam. Malam Mai_Nazari, akwai gyara a alƙaluman. Adadin farko na gidajen yarin jihohi da na tarayya ne kawai, na biyun kuwa ya haɗa da waɗanda ke kurkukun ƙananan hukumomi, inda ake ajiye masu jiran shari'a da masu gajeren ɗauri. Idan za a kwatanta abu da irinsa, daga kimanin 200,000 aka tashi zuwa kusan miliyan 1.6 a 2009. Ninki takwas ne, saboda haka maganarka tana nan, amma gara a faɗe ta daidai. Sannan adadin ya ragu tun daga lokacin, yanzu jimillar tana ƙasa da miliyan 2.

Garkuwa77:
Ni ina cikin masu ganin akasin haka, kuma ba daga karatu na samo ra'ayina ba. 'Yan fashi sun taɓa shiga gidana da dare, suka kwantar da ni a gaban iyalina, ɗaya ya taka mini wuya da takalmi yana tambayar inda makulli yake. Ƙaramar 'yata ta daɗe ba ta iya barci sai da fitila a kunne. Da aka kama biyu daga cikinsu, sai aka gano cewa ɗayan bai jima da fitowa daga gidan yari ba. Da an riƙe shi, da abin bai same mu ba. Ku masu maganar gyara kullum hankalinku yana kan wanda ya yi laifi, wanda aka yi wa kuwa sai a ce ya yi haƙuri. Kuma ai an san cewa laifuffuka sun ragu ƙwarai a Amurka daga 1991, wato a daidai shekarun da gidajen yarin suke cika. Me ya sa ba a faɗin wannan?

Mai_Nazari:
Allah ya kiyaye na gaba, Malam Garkuwa. Ba wanda ya isa ya raina abin da ya same ku. Gaskiya ne laifuffuka sun ragu daga 1991, amma sun ragu a Kanada ma a waɗannan shekaru, alhali Kanada ba ta ninka fursunoninta ba. Jihar New York kuma ta rage yawan fursunoni har ta rufe gidajen yari da dama, laifi ya ci gaba da sauka. Idan ƙasashe biyu maƙwabta suka samu sauƙi iri ɗaya, ɗaya ta cika kurkuku ɗaya ba ta cika ba, da wuya a ce kurkukun ne ya kawo sauƙin gaba ɗaya.

Barista_Hauwa:
Ya kamata mu raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai tsare mutum domin kada ya sami damar cutar da wani, wannan ita ce hujjar Malam Garkuwa, kuma hujja ce mai ƙarfi a kan mutumin da ya saba ɗaukar makami. Akwai kuma tsoratar da wanda bai riga ya yi laifi ba. A wannan na biyun, abin da masu bincike suka daɗe suna samu shi ne tabbacin za a kama mutum ya fi tsananin hukuncin tasiri nesa ba kusa ba. Maganar ma ba sabuwa ba ce, masanin shari'a ɗan Italiya Cesare Beccaria ya yi ta tun 1764. Wanda zai yi fashi ba ya zama ya auna ko shekara 10 za a ba shi ko 20, abin da yake aunawa shi ne ko za a gane shi. A cikin aikina na zauna da samari da yawa a ɗakin ganawa, kuma da ƙyar ake samun wanda ya san hukuncin laifinsa kafin lauya ya faɗa masa. Dokar da mutum bai san da ita ba, ta yaya za ta tsorata shi?

Sai kuma batun shekaru. Yawancin masu aikata laifin ƙarfi matasa ne, kuma akasarinsu suna dainawa da kansu idan suka manyanta. Shekarun farko na ɗauri suna kare jama'a, na ƙarshen kuwa sau da yawa dattijo ne ake ciyarwa ana yi masa magani. Amurka tana da kimanin mutum 200,000 da ke zaman ɗaurin rai da rai ko ɗaurin da tsawonsa ya wuce abin da ya rage na rayuwarsu.

Ɗalibin_Tarihi:
Domin a fahimci yadda aka kai nan, dokoki ne aka yi ɗaya bayan ɗaya. A 1971 Shugaba Nixon ya ayyana shaye-shayen miyagun ƙwayoyi a matsayin babban abokin gaban al'umma. A 1973 jihar New York ta kafa dokokin Rockefeller masu tilasta dogon ɗauri kan ƙwaya. A 1986 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ce giram 5 na hodar iblis mai dunƙule, wadda talakawan birane suka fi amfani da ita, hukuncinsa ɗaya da giram 500 na garin hodar, wato ɗaurin shekara 5 wanda alƙali ba shi da ikon ragewa. Mafi yawan waɗanda dokar ta faɗa wa baƙaƙen fata ne, kuma sai a 2010 aka rage tazarar daga ninki 100 zuwa 18. A 1994 Kalifoniya ta kawo dokar laifi uku, wadda ta ce wanda ya yi manyan laifuffuka biyu a baya, na ukunsa zai jawo masa shekara 25 zuwa rai da rai. Da wannan doka aka yanke wa Leandro Andrade shekara 50 zuwa rai da rai saboda satar kaset-kaset ɗin bidiyo da kuɗinsu bai wuce dala 150 da ɗoriya ba, kuma Kotun Ƙoli ta tabbatar da hukuncin a 2003. Masu zaɓe a jihar su da kansu suka sassauta dokar a 2012.

Lissafi_Dalla:
Duk wannan haka yake, amma kada a tafi da tunanin cewa masu ƙwaya da ɓarayin kaset ne suka cika gidajen yarin. A na tarayya kam kusan rabi masu laifin ƙwaya ne, sai dai na tarayya ƙaramin kaso ne. A gidajen yarin jihohi, inda mafi yawan fursunoni suke, fiye da rabi an ɗaure su ne kan laifin da ya shafi cutar da mutum, kamar kisa da fashi da fyaɗe. Haka ma gidajen yari na 'yan kasuwa da ake yawan ɗora wa laifi, kimanin kashi 8 cikin 100 na fursunoni kaɗai suke riƙe da su. Duk mai son a rage adadi da gaske dole ya yarda a taɓa tsawon hukuncin masu laifin ƙarfi, kuma nan ne 'yan siyasa suke ja da baya.

Garkuwa77:
Na gode, Malam Lissafi. Ashe dai maganar ta dawo kan irin waɗanda suka shiga gidana. To, a fito fili a ce su ake so a saki da wuri.

Tsohon_Gandiroba:
Na yi aikin gidan yari har na yi ritaya, saboda haka bari in faɗi abin da ido ya gani. Ɗakin da aka gina domin mutum ashirin, mun sha kulle fiye da ninki uku a cikinsa. Da dare ba a kwanciya a baya, kowa a gefensa yake kwanciya, kan wannan wajen ƙafar wancan, kuma idan za a juya sai shugaban ɗaki ya ba da umarni a juya tare. Sabon zuwa wurinsa kusa da bokitin bahaya ne, sai ya daɗe ko ya biya kafin ya matsa kusa da taga. Mu ma'aikata idan muka kulle ƙofa da yamma muka ƙirga kawuna, abin da ke faruwa a ciki har gari ya waye ba mu ne muke iko da shi ba, manyan fursunoni ne. Yaron da aka kawo saboda satar waya yana kwana jikin wanda ya yi shekaru yana fashi, shi yake ba shi wurin kwana, shi yake kare shi daga duka, ranar da zai fita kuma shi zai ba shi sunan wanda zai nema a waje. Ban ce a buɗe ƙofa kowa ya tafi ba, domin na ga mutanen da ko ni mai riƙe da makulli ina shakkar juya musu baya. Amma Malam Garkuwa, wanda ya shiga gidanka bayan ya fito daga ɗauri, ya dace a tambaya wane irin mutum ne ya shiga da farko, wane iri kuma muka sako.

Ɗalibin_Tarihi:
Abin da Baba Gandiroba ya bayyana ya faru a babban sikeli a Brazil. A 1992 'yan sanda sun kashe fursunoni 111 a gidan yarin Carandiru da ke Sao Paulo. Shekara guda bayan haka aka kafa ƙungiyar PCC a cikin wani gidan yari na jihar, kuma yau tana cikin manyan ƙungiyoyin safarar ƙwaya a Kudancin Amurka. A kurkuku aka haife ta, a nan take ɗibar sababbin mabiya.

Umman_Sadiya:
Ana ta maganar waɗanda aka yanke wa hukunci, ni kuwa damuwata waɗanda ba a yanke wa komai ba. An kama ƙanena a wani samame, aka tuhume shi da laifin da ko an same shi da shi ɗaurinsa gajere ne. Muka yi ta zuwa kotu ana ɗagewa: yau mai gabatar da ƙara bai zo ba, gobe babu motar da za ta kawo fursunoni, jibi an yi wa alƙali canjin wurin aiki, daga baya aka ce ba a ga fayil ba. Kafin a sallame shi saboda rashin shaida, ya zauna fiye da abin da hukuncin laifin ya tanada. Ya fito da tari da ƙuraje, aikinsa ya tafi, auren da ake shirin yi ya watse, kuma har yanzu mutane tsohon fursuna suke ce masa. Babu wanda ya ba shi ko haƙuri. A wane lissafi ake saka irinsa?

Barista_Hauwa:
Sannu, Hajiya. Irinsa suna da yawa. A duniya akwai fiye da mutum miliyan 11 a tsare, kuma kusan ɗaya cikin uku ba a yanke musu hukunci ba. A Najeriya masu jiran shari'a sun kai kimanin biyu bisa uku na waɗanda ke tsare, a Indiya kuwa kusan uku bisa huɗu. Ƙasashe masu arziki ma ba su tsira ba. A 2010 an kama Kalief Browder a New York yana ɗan shekara 16 bisa zargin satar jakar goyo, aka sa belinsa dala 3,000 wanda iyalinsa ba su iya biya ba, ya yi kimanin shekara uku a kurkukun tsibirin Rikers, kusan biyu daga ciki a ɗakin kaɗaici. An yi masa tayin ya amsa laifi a sake shi, ya ƙi. A 2013 aka janye tuhumar, a 2015 ya kashe kansa. Wannan tayi da ya ƙi shi ne ginshiƙin tsarin can, domin fiye da kashi 90 cikin 100 na hukunce-hukuncen da ake yankewa suna zuwa ne ta hanyar amsa laifi bayan ciniki da mai gabatar da ƙara. Idan doka ta tanadi hukunci mai tsanani ƙwarai, ta zama sandar da ake razana wanda ake tuhuma da ita, har marar laifi ya ga gara ya amsa.

Almajirin_Ilmi:
Ina so in ƙara wani abu, domin wasu suna ɗauka addini yana tare da mai neman tsanani a kowane hali. Malaman fiƙihu sun kafa ƙa'idar cewa ana kautar da haddi idan akwai shubuha, kuma kuskure wajen yin afuwa ya fi sauƙi a kan kuskure wajen hukunta marar laifi. Ayar ƙisasi a Suratul Baƙara ita kanta ta buɗe ƙofar yafewa da karɓar diyya. Abin lura a nan shi ne wanda aka zalunta yana da murya a cikin shari'ar, ana tambayarsa, ana biyansa. Tsarin ɗauri na zamani kuwa yana hukunta mai laifi da kuɗin jama'a, wanda aka cuta ya koma gida hannu rabbana. Ina ganin wani ɓangare na fushin Malam Garkuwa daga nan yake.

Garkuwa77:
Wannan kam gaskiya ne, Malam. Ba a dawo mini da ko allura ba, kuma ba wanda ya sanar da ni ranar da aka yanke hukunci. Amma ku duba El Salvador. A 2015 kisan kai a can ya haura mutum 100 cikin kowane 100,000, babu kamarta a duniya. Shugaba Bukele ya kafa dokar ta-ɓaci a Maris 2022, aka kama fiye da mutum 80,000, aka gina katafaren gidan yari mai ɗaukar 40,000. Yanzu mutane suna fita da dare, kuma sun sake zaɓensa da gagarumin rinjaye. Su da suka sha wuyar sun fi mu sanin abin da ya yi musu magani.

Mai_Nazari:
Ba zan musa cewa kisan kai ya faɗi warwas a can ba. Sai dai ana kama mutane babu takardar izini, ana yi musu shari'a a dunƙule, gwamnati da kanta ta saki dubbai da ta amince ba su da laifi, kuma ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam sun tattara rahotannin mutuwar ɗaruruwa a tsare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙanen wata ne kamar Hajiya Umman Sadiya. Tambayar da ba a amsa ba ita ce ranar fitowa, domin ko dai a riƙe dubun dubatan samari har su mutu, ko a sako su bayan shekaru a cikin yanayin da Baba Gandiroba ya kwatanta.

Malamar_Aji:
Na taɓa koyar da karatu da lissafi a sashen mata na wani gidan yari a matsayin aikin sa kai. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata mata da ta koyi rubuta sunanta, ta ce a karo na farko za ta san abin da take sa wa hannu, domin takardar da aka ɗaure ta da ita dangwala yatsa kawai ta yi. Cibiyar bincike ta RAND ta fitar da nazari a 2013 da ya nuna cewa fursunonin da suka shiga shirin ilimi, yiwuwar komawarsu kurkuku ta ragu da kimanin kashi 43 cikin 100. Duk da haka dokar laifuffuka ta 1994 a Amurka ta hana fursunoni tallafin karatun jami'a, sai a 2023 aka maido da shi cikakke. A Norway kuwa ana horar da gandiroba shekara biyu, fursuna yana dafa abincinsa yana zuwa aiki ko aji, kuma kimanin kashi 20 cikin 100 ne suke sake faɗawa hannun shari'a cikin shekara biyu. A Amurka kusan kashi 68 cikin 100 ake sake kamawa cikin shekara uku.

Lissafi_Dalla:
Malama, a yi hattara da wannan kwatance. Adadin Norway na waɗanda aka sake yanke wa hukunci ne cikin shekara biyu, na Amurka kuwa na waɗanda aka sake kamawa ne cikin uku, kuma kamu ba hukunci ba ne. Norway ƙasa ce mai mutum miliyan 5 da rabi da arzikin mai, fursunoninta 'yan dubbai ne. Misalin da ya fi gamsar da ni shi ne Finland. A shekarun 1950 yawan fursunoninta ya ninka na maƙwabtanta kusan sau huɗu, sai ta yi shekaru tana rage tsawon hukunci tana faɗaɗa tara da ɗaurin talala har ta daidaita da su, kuma hawa da saukar laifuffuka a cikinta bai bambanta da nasu ba. Akwai kuma Texas, wadda ba wanda zai zarga da tausayin masu laifi. A 2007 an yi hasashen za ta buƙaci ƙarin gadaje 17,000, sai majalisar jihar ta ware dala miliyan 241 domin maganin shaye-shaye da sa ido kan waɗanda aka saki, a 2011 kuma ta rufe gidan yari a Sugar Land. Lissafin kuɗi ne ya kai su, domin a jiha kamar Kalifoniya riƙe fursuna ɗaya yana cin fiye da dala 100,000 a shekara.

Garkuwa77:
Norway ɗin da kuke yabo ita ce ta yanke wa Breivik shekara 21 bayan ya kashe mutum 77 a 2011. Ku raba 21 da 77 ku ga abin da ran mutum ya zama.

Barista_Hauwa:
Hukuncin nasa irin wanda kotu take iya tsawaitawa ne shekara biyar-biyar muddin ana ganin yana da haɗari, kuma ya nemi a sake shi an ƙi. Wato su ma sun tanadi hanyar riƙe mutum irinsa har abada, abin da suka ƙi shi ne su gina tsarin kowa da kowa a kan mafi munin mutum guda. Ita ma Majalisar Ɗinkin Duniya, a ƙa'idojinta na kula da fursunoni na 2015, waɗanda ake kira ƙa'idojin Mandela, ba ta hana ɗauri ba, ta dai ce kulle mutum shi kaɗai awa 22 ko fiye a rana har ya wuce kwana 15 a jere haramun ne.

Umman_Sadiya:
Barista, ni har yanzu ina kan tambayata. Akwai inda aka yi wani abu na zahiri game da masu jiran shari'a, ko kuwa sai dai a yi ta ƙirga su?

Barista_Hauwa:
Akwai, Hajiya, kuma ba masu tsada ba ne. Indiya ta gyara dokarta a 2005 ta ce wanda ya zauna rabin mafi tsawon hukuncin laifin da ake tuhumarsa da shi, a ba shi beli, ban da laifin da hukuncinsa kisa ne. Brazil ta fara a 2015 tilasta gabatar da wanda aka kama a gaban alƙali cikin awa 24. A Malawi tun 2000 ake tura mataimakan lauyoyi cikin gidajen yari suna bin fayil ɗaya bayan ɗaya suna tunatar da kotu. Matsalar ita ce aiwatarwa, domin ga Indiya da dokar a rubuce amma adadin masu jira bai sauka ba.

Tsohon_Gandiroba:
Dalilin ke nan da ya sa nake cewa a fara da rajista. Mu mun san wanda ya daɗe, sunansa yana cikin littafinmu da ranar da aka kawo shi, amma ba mu da ikon buɗe masa ƙofa sai da takardar kotu, kotun kuma ba ta san yana nan ba. Duk lokacin da babban alƙali ya kawo ziyara akan saki mutane da dama a yini ɗaya, bayan 'yan watanni ɗakin ya sake cika.

Garkuwa77:
A kan masu jiran shari'a ba ni da ja, a gaggauta musu. A kan wanda ya ɗauki bindiga ya shiga gidan mutane kuwa ina nan a kan bakana, kuma har yanzu ba wanda ya faɗa mini shekara nawa yake ganin ta dace da shi. Malam Mai_Nazari, kai ka buɗe maganar, ka ba mu adadi.